Mun San Abin Da Za A Zuba Mata, Bakin Dangi Ne Ya Gagare Mu

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya ƙoƙari da jama'a?

Mu ma'aikatan jinya ne a nan Kano. Shawararki muke nema kan 'yan mata masu farfaɗowa daga lalurar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, da 'yar uwarta bulimiya, inda yarinya za ta ci ta yi nak, sannan ta zaga bayi ta sa yatsa ta amayar.

Maganar kwano ba ta ɗaure mana kai ba. Ci uku a rana, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a wuce awa huɗu ba ta sa komai a baki ba: kunun gyaɗa da ƙosai da safe, fura da nono da hantsi, haka har dare. Babba ya zauna da ita tana ci, ya ƙara awa ɗaya bayan an ɗauke kwano, don a lokacin ne ake sulalewa bayi. Ƙarin rabin kilo a nauyin jikinta a mako ya isa. Wadda ta daɗe da yunwa kuwa ba a yi mata ɗura a gida, domin abinci mai yawa farat ɗaya yana kayar da sinadarin fosfet da fotasiyam na jini a kwanakin farko, zuciya ta rikice. Irin wannan, da wadda take suma, ko bugun zuciyarta ya gaza 40 a minti, sai asibiti. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Inda muke kakarewa shi ne tsakar gida. Gwaggo za ta shigo ta ja kumatun yarinya: "Masha Allah, kin ciko, kin yi kumari!" A wurinmu yabo ne. Ita kuwa a kunnenta "kin lalace" aka ce, kuma a daren nan tuwonta zai kwana cikin leda a ƙarƙashin gado. Wata ta ce wa zai auri karan dawa, ta kawo magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe, alhali cikinsu akwai masu kumbura fuska, su ta da suga da hawan jini. Kaka kuma ta tsaya a kan iskokai ne.

To Hajiya, da wane lafazi uwa za ta tsawatar wa yayar mijinta ta daina zancen jikin yarinya, ba tare da zumunci ya taɓu ba? Me za a koya wa dangi su faɗa a madadin "kin ciko"?

Na biyu ya fi mana nauyi. Wasu suna fakewa da azumin Litinin da Alhamis, uba yana ta murna 'yarsa ta kama ibada. Mu ne za mu yi masa magana, ko malamin unguwa za a nema ya fara?

Mun gode, Allah ya saka da alheri.

'Yan uwanki biyu, daga Tarauni, Kano.