Gahawa ba shayi ba ce, a daina cika mata kofi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan gahawa, wadda yanzu ta zama 'yar gida a Kaduna. A da sai alhaji ya dawo daga Makka ake ganin ta cikin tsaraba, tare da dabino da zamzam. Yau kuwa masu kayan ƙamshi na sayar da garinta a Tudun Wada da Kasuwar Sheikh Gumi, ana zuba ta a walima da wurin buɗa-baki, matasa kuma suna zaman shan ta bayan isha'i. Wannan abin so ne. Abin da ke damuna shi ne riƙon shayi da ake yi mata. Za ka je walima ka tarar an dafa gahawa tun hantsi, an juye a fulas ɗin da aka saba zuba kunun gyaɗa, sannan bayan la'asar yaro ya bi layi da kofunan roba na yarwa yana cika su fal. Baƙo ya kurɓa sau ɗaya, ya yamutsa fuska, ya tura kofin ƙarƙashin kujera. Gobe ka ji yana cewa shi gahawa ba ta yi masa ba, alhali bai taɓa shan ta yadda take ba.

Wani ɓangare na ruɗanin daga bakinmu ya fito, domin kalma ɗaya muke kiran abin shan da mazubinsa da ita, wato kofi. Don haka a wannan wasiƙa zan riƙa cewa gahawa idan ina nufin abin sha, kofi kuma idan ina nufin mazubi.

Asalin itacen daga tsaunukan Habasha yake, Sufayen Yaman kuma su ne suka shahara da shan ta tun ƙarni na 15 don su samu ƙarfin raya dare da zikiri. Daga tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu duniya. Kowace al'umma da ta karɓe ta sai ta yi mata mazubin da ya dace da irin dahuwar da take yi, kuma a nan ne darasin yake. Gahawar Larabawa, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun da ake tattali a 2015, ana shan ta ne a finjali, ɗan ƙaramin tangaran marar mariƙi. Finjali ba ya wuce cin mililita 60 zuwa 90, kuma ba a cika shi. Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, kurɓi biyu ko uku ke nan. Ba rowa ba ce. Da yake ba shi da mariƙi, saman da aka bari babu komai shi ne wurin da yatsu za su kama ba tare da ƙuna ba. Kaɗan ɗin da aka zuba kuma yana hucewa cikin minti ɗaya zuwa daidai sha, sauran na cikin buta da zafinsa. Sannan fankon da ke saman finjalin yana tara ƙamshi ya kai shi hanci kafin harshe ya taɓa, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗanon gahawa hanci ne ke jin sa. A ƙasashen Larabawa cika wa baƙo finjali ma kusan kora ce, kamar an ce masa sha ka tashi.

Ga yadda ake dafa ta ga lita ɗaya ta ruwa, wadda za ta ishi mutum goma ko fiye, kowa ya sha finjali uku. A samu cokali uku na cin abinci na garin gahawa mai hasken suya, wajen giram 20 zuwa 25, wanda aka daka da tsaki-tsaki ba lukui ba. Idan ruwa ya tafasa a rage wuta, a zuba garin, a bar shi yana ɓararraka a hankali minti 10 zuwa 15. Da zuba garin kumfa zai taso. A ɗaga tukunyar ya kwanta, kada a bari ya zube, domin ƙamshi mai yawa na cikinsa. Sai a sauke, a bar ta minti biyu ko uku tsakin ya kwanta. Kayan ƙamshi ba a tukunyar ake dafa su ba. Cokali ɗaya na hel, ɗan koren kwanson nan mai baƙaƙen 'ya'ya da wasu ke kira kadamon, a ɗan farfasa shi a zuba a butar da za a kai wa baƙi, da kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, da ɗan za'afaran ga mai hali, sannan a tace gahawar a kai a rufe minti biyar. Wanda ya tafasa hel tare da gari na tsawon lokaci zai ga ƙamshin ya bi tururi, ɗacin kwanson ya zauna. Kanumfari kuwa in ya yi yawa sai ya danne komai, baki ya yi kamar an sa maganin haƙori. Ba a sa sukari. Dabino ne sukarinta: a gutsiri dabino, a bi shi da kurɓi.

Mu nan Kaduna muna da abin da Larabawa za su yi mana sha'awa, wato citta. Jiharmu ce kan gaba a nomanta a Nijeriya, daga Kachia da Jaba da Kagarko. Rabin ƙaramin cokali na busasshiyar citta a lita ɗaya yana dacewa da gahawa ƙwarai, haka mutanen Sudan ke sha a jabana, wato butar gahawarsu. Ɗanyar citta ba ta kai busasshiya dacewa ba. Kimba ma tana shiga. Da ita mutanen Senegal ke haɗa gahawarsu ta Touba. Ita kanta gahawar ana noma ta a tsaunin Mambila a Taraba da wasu sassan Filato, ba sai an jira ta ƙasar waje ba.

Mai son ya soya da kansa ya yi amfani da kasko mai kauri a kan garwashi marar harshen wuta, yana juyawa ba tsayawa. Don gahawar Larabawa ana sauke ta tun tana launin soyayyar gyaɗa. In aka ci gaba za a ji 'ya'yan sun fara ƙas-ƙas kamar gugguru, wannan suya ce ta matsakaici. In har suka yi baƙi suna ƙyallin mai, an shiga suyar da ɗaci ke rinjaye, irin wadda ke neman sukari ko madara. A juye a faifai a fifita, a bushe ƙaiƙayin. Sai maganar turmi, wadda a nan ake yawan yin asara: gahawa tana zuƙe wari kamar soso. Turmin da aka daka daddawa ko yaji ko tafarnuwa, ko an wanke shi sau nawa, sai ya bar alama. A ware mata nata ƙarami, kuma a daka ta ranar da za a sha. Garin da ya yi makonni a farar leda a bakin shago rana na dukan sa, launi kawai ya rage masa. A ajiye 'ya'yan a kwalba mai murfi nesa da murhu, musamman da damina, lokacin da danshi ke sa ɗanyun su yi fumfuna.

In dawo kan mazubi. Tangaran ya fi komai, domin ba ya ba abin sha wari kuma ba ya riƙe na jiya, amma yana da sharaɗi. Tangaran mai kauri da ya kwana cikin sanyin hunturu yana shanye zafin ɗan abin da aka zuba masa nan take, sai gahawa ta iso baki salam. Maganin abu ne mai sauƙi: a ɗauraye finjalan da ruwan zafi daf da zubawa. Gilashi siriri, irin wanda Buzaye ke shan shayinsu da shi, yana nuna launi da kumfa, sai dai yana saurin hucewa, shi ya sa shi ma ƙarami ne. Kofin silba yana ɗaukar zafi ya ƙona leɓe alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, sai mai sha ya yi ta jira har ƙamshin ya tafi. Roba ita ce ta baya. Tana kama man gahawa da ƙamshin omo, ta karce ta ciki, datti ya maƙale a karcen. Kofunan melamin masu kama da tangaran da suka cika kasuwa su ma ba a yi su don ruwa mai tsananin zafi ba. Masana lafiyar abinci sun yi gargaɗi cewa sama da digiri 70 suna iya sakin sinadari cikin abin sha. Faɗin baki ma na da tasiri. Kofi mai faɗin baki yana sakin ƙamshi da zafi da wuri, mai tsukakken baki yana riƙe su. Har launi an gwada: wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda Charles Spence na Jami'ar Oxford yake cikin masu shi, ya nuna cewa gahawa iri ɗaya mutane sun fi jin ƙarfinta a farin kofi fiye da a gilashi.

Ba wai babban kofi ba shi da gurbi ba. A teburin mai shayi, a Kawo ko Rigasa ko bakin tasha, Nescafé da madara da burodi da ƙwai karin kumallo ne, kuma babban kofi shi ya dace da shi. Ɗagawar nan da mai shayi ke yi yana juye ruwan daga kofi zuwa kofi ba burga ba ce kawai: tana narkar da sukari da madarar gari, ta tayar da kumfa, ta kuma rage zafi zuwa yadda za a iya sha. Rage zafin nan ba ƙaramin amfani ba ne, domin a 2016 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawan shan abin da ya haura digiri 65 na iya jawo kansar maƙoshi. Inda nake roƙon 'yan'uwana masu shayi su gyara wuri biyu ne. Na farko robar ɗauraya: ruwa ɗaya tun asuba, kofi ɗari ya shiga ya fita. A yi roba biyu, ta sabulu da ta ɗauraya, a riƙa sauya ruwan, a watsa wa kofi ruwan zafi daga buta, a kife shi a kan tire saboda ƙura. Na biyu yawan cokali. Ƙaramin cokali ɗaya na gahawar gwangwani yana ɗauke da sinadarin kafeyin, mai hana barci, wajen miligiram 60, kuma abin da likitoci ke ganin babu laifi ga baligi mai lafiya shi ne kada ya wuce 400 a yini, mai ciki kuma rabin haka. Direban dare ko ɗalibi mai jarrabawa da ke cewa a sa masa cokali huɗu, ya sake dawowa sau biyu, ya riga ya haura, kuma abin da ke biyo baya shi ne bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci. Mai hawan jini da mai gyambon ciki su tambayi likitansu. Mai ƙarancin jini kuma ya bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da gahawa ko shayi, domin suna rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci. Da azumi kada a buɗe baki da ita a kan cikin da babu komai, a fara da dabino da ruwa da kunu.

Ladabin zubawa ba baƙo ba ne a wurinmu, mafi yawansa yana cikin abin da muka koya a makarantar allo da gida. Mai zubawa yana tsaye, buta a hagu, finjalai a dama, ya miƙa da dama, a karɓa da dama. Wasu na farawa da babban baƙo ko dattijon wuri, daga nan a bi dama. Hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna Manzon Allah (SAW) ya sha madara ya miƙa wa Balaraben ƙauye da ke damansa, alhali Sayyidina Abubakar na hagunsa, ya ce na dama sannan na dama. An kuma hana hura iska a cikin abin sha, kuma wanda aka zuba wa kaɗan ba ya ma buƙatar hurawa. Mai zubawa ba ya tafiya, yana jira ya karɓi finjalin ya ƙara. Idan baƙo ya ƙoshi sai ya ɗan girgiza finjalin tsakanin yatsunsa kafin ya mayar. In bai girgiza ba, ƙari yake so. An saba tsayawa a uku. Habashawa ma zagaye uku suke yi, masu suna abol da tona da baraka, ga turaren wuta na tashi ga gugguru a gefe, kamar yadda Buzayenmu ke yin shayi dahuwa uku.

Ga masu shirya biki da walima, finjali dozin biyu zai yi shekaru ana amfani da shi. A sa mutum ɗaya a kan zubawa, wani a kan wankewa da bokitin ruwan zafi. A dafa lita ɗaya ko biyu a lokaci guda maimakon babbar tukunya tun safe. In dole sai an yi amfani da fulas, ya zama nata ne ita kaɗai, a ɗauraye shi da tafasasshen ruwa, a tace tsakin sarai kafin a juye, domin tsakin da ya bi ta ciki zai ci gaba da sakin ɗaci. Ko da hakan, bayan awa biyu ƙamshin ya ja baya, gara a ɗora sabuwa. Tabon da ke kama cikin finjali kuma ɗan garin bekin soda (baking soda) da ruwan ɗumi ke fitar da shi, ba soson ƙarfe ba, wanda ke kankare shafen tangaran ya bar wurin da datti zai zauna.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Kaduna