Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Muhalli kan taswirar yankunan ƙasar nan

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a.

Yallabai maganar taswira ce ta sa na rubuto. Wannan dai da ake koya wa yara a makaranta, wadda aka yanka Najeriya layi-layi daga bakin teku har iyakar Nijar, kurmi a kudu, sai Gini sabana, sai Sudan sabana, sai ɗan zirin Sahel can saman Borno da Yobe. Asalinta aikin wani Bature ne masanin itatuwa mai suna Keay, tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya yi ƙoƙari kam, amma fa ya zana ta ne kafin farin 1973 da na 1984, kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992. Tafkin Chadi ma a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, yau kowa ya san yadda ya koma. An yi wasu taswirorin daga baya, a shekarun 1970 da na 1990, to amma wane malamin gona ne a ƙaramar hukuma ya taɓa riƙe su a hannu?

Kuma ba tsufa ne kaɗai matsalar ba, ta yi jimla da yawa. Ka ɗauki Yobe kawai. A Yusufari tulin rairayi ne ke tafiya yana cin gonaki da rijiyoyi, ka gangaro Nguru kuwa ruwa ne da kachala, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tun da aka canza wa kogin Haɗeja yadda yake ambaliya da janyewa, mai kwalekwale sai ya sa adda ya sare hanya kafin ya wuce, tsuntsayen jan baki kuma sun samu wurin kwana suna fitowa su cinye shinkafar mutane. Waɗannan wurare biyu a taswirar makaranta kusan launinsu ɗaya ne. Haka firgin Borno, baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwa da ake dasa dawar masakwa bayan damina ta wuce, ita ma an haɗa ta da jigawar gero an ce duk abu ɗaya ne. Haba yallabai.

Manomi fa bai taɓa yin wannan kuskuren ba. Ya san tudu, ya san fadama, ya san fako inda ko ka shuka ba abin da zai fito, yana ganin sabara da kalgo ya san irin ƙasar da ke ƙarƙashi, yana ganin gawo ya san gero zai yi kyau a gindinsa. A Maraɗi da Damagaram da wannan sanin ne manoma suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu har fili ya farfaɗo, ba tare da an kawo musu dashe a mota ba. Mu kuwa sau nawa ake raba dashen turare a kai shi bakin fadama ya shanye ruwan, ko a kai irin da ke son damina mai tsawo inda ruwa ke ɗaukewa da wuri.

Kayan aikin zana sabuwar taswira akwai su. Tun 2003 muka harba tauraron ɗan adam namu, ga hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, ga hukumar Babbar Koriyar Ganuwa mai yaƙi da kwararowar hamada da ke aiki a jihohi 11, ga kuma shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Kuɗi masu yawa haka, ai ya kamata a fara sanin wace ƙasa ce ke buƙatar me kafin a zuba su.

Roƙona shi ne a zana sabuwa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, hoton sama a haɗa shi da zama da masu unguwanni da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa, a saka burtali da gandun daji da mashaya a ciki tun kafin a ƙarasa nome su. A buga ta da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a manna a sakatariya da makarantu, a sa a intanet kyauta yadda mai waya zai buɗe ya ga garinsu. Kuma don Allah a sa ranar da za a sake duba ta, ko da duk shekara goma ne.

Allah ya taimaki Minista. Wassalam.