Ni ba ɗan duba ba ne, Malam

Malam,

Bayan gaisuwa. Ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni me ya raba mai hasashen kasuwancin intanet da ɗan duba, tunda dukkansu kuɗi suke karɓa su faɗi abin da ba su gani ba. Ka ƙara da cewa in na san gobe, me ya hana ni yin arziki. Ta biyun ba zan ɓata mata tawada ba. Ta farkon ce ta sosa ni.

Ɗan duba ba ya nuna maka lissafinsa. Nawa a rubuce yake, kuma manyan da suka daɗe suna neman shawarata sun karanta, ko da kai ba ka samu lokaci ba.

Ma'aunin Nasdaq, na kasuwar hannun jarin Amurka inda kamfanonin fasaha da na intanet suka fi yawa, ya kai maki 5,048 ranar 10 ga Maris 2000, zuwa Oktoban 2002 ya zube da kusan kashi 78 cikin ɗari. To waɗanda suka ce ciniki zai koma intanet ƙarya suka yi? Ko kaɗan. Kamfanin Webvan na Amurka ya hango cewa za a riƙa kai wa mutane cefane har ƙofar gida, amma ya gina manyan rumbunan ajiya tun kafin masu saye su zo, ya durƙushe a 2001. Amazon ma hannun jarinsa ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 10, bai ga ribar cikakkiyar shekara ba sai 2003, amma yana da kuɗin jira. Alƙibla ana hangota. Ranar isa kuwa ba wanda ya mallaka, shi ya sa nake tambayar kowane kamfani: nawa kake kashewa kafin ka samu mai saye ɗaya, kuma wata nawa asusunka zai ɗauke ka? Kamfanin Shopify, mai samar wa 'yan kasuwa shagunan intanet, ya ɗauka cinikin lokacin korona zai ɗore, a 2022 ya sallami kusan kashi 10 na ma'aikatansa.

Abin mamaki, ranka ya daɗe, tambayar ba ta zo maka ba sai da na ce a sassauta zuba jari a ƙirƙirarriyar basira, hajar da kake tallatawa.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Shugabannin kamfanoni da yawa sun gama yanke shawara kafin su kira mu, sa hannu kawai suke so. In an dace dabararsu ce, in an yi asara a nemo mai hasashe a ɗora masa.