Maɓallai biyu ne, baƙonku ya ambaci ɗaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina a ɓace yake da amsar da baƙon shirinku na rediyo ya bai wa baiwar Allahn nan da ta bugo waya ranar Asabar, wadda ta ce manhajar katunan koyon kalmomi ta ɗanta tana rufe kanta. Ko tambaya ɗaya bai yi mata ba, ya ce ta shiga saitin waya ta share datar manhajar, komai zai daidaita. Ni ma matsalar da nake fama da ita ke nan, don haka kafin shirin ya ƙare na ɗauko waya na bi maganarsa. Manhajar ta buɗe, amma babu kati ko ɗaya a ciki.

Kati 240 ne, Malam. Ba sauko da su na yi daga intanet ba, da hannuna na haɗa su cikin wata bakwai. A Fatakwal muke zaune, 'ya'yana biyu Turanci da Buroka sun fi zama a bakinsu, har ƙaramar ba ta san ludayi ba sai cokali. Da muka je gida babbar sallah na bi tsakar gida ina ɗaukar hoto: turmi da taɓarya, muciya, maburgi, faifai, ƙwarya, na leƙa rumbu, na ɗauki lauje da galma da zangarniyar gero. Kowane hoto na zaunar da Inna ta faɗi sunansa da bakinta, na naɗa. Kowace kalma na bi ta na sa mata ƙugiya da madannin Gboard, don kada yaran su haɗa baki da baƙi, ko kafa da ƙafa. Muryar kakarsu ce take sa su zauna. In ta ce "maburgi" sai su maimaita suna dariya, su ce a sake. Yanzu me zan ce musu? Inna ta tsufa, ba ta iya riƙe waya, kuma ba zan sake ganinta ba sai baɗi in Allah ya kai mu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayanin da wani yaro mai gyaran waya ya yi mini a kasuwa cikin minti biyu. A wayar Android, wurin ma'ajiyar kowace manhaja, maɓallai biyu ne kusa da juna. Ɗaya yana kwashe tarkacen wucin gadi da ake kira kash, ba ya taɓa kayanka. Ɗayan yana mayar da manhaja kamar yau aka sauko da ita, duk abin da ba ka ajiye kwafinsa a wani wuri ba ya tafi. Ya duba wayata ya ce tun farko cika ta yi da bidiyon WhatsApp, shi ya sa manhajar take faɗuwa. Da na rage su, da an wuce wurin. Ya kuma nuna mini inda ake fitar da kwafin katunan a ajiye. Masanin da kuka gabatar da dogon kirari bai san wannan ba ne, ko ganin ya yi masu sauraro ba su cancanci jimla ɗaya ta gargaɗi ba? Ita matar da ta bugo, Allah kaɗai ya san abin da ta rasa.

Ku dawo da shi ranar Asabar ya gyara maganarsa da bakinsa, ya ce a fara ajiye kwafi kafin a taɓa komai.

Sannan tallar maganin basir da kuke sawa har sau uku a shirin minti 30 ta yi yawa, kuma da yara muke saurare. Ku matsar da ita dare.

Wassalam.
Mai sauraronku a kullum, daga Fatakwal