A tuna da faifan Bob Dylan na 1967

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in ja hankalin shafinku na nishaɗi kan faifan John Wesley Harding na mawaƙin Amurka Bob Dylan, wanda ya fito a Disambar 1967.

A 1965 Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jitar lantarki, wasu masoyansa suka yi masa ihu, suna ganin ya juya wa waƙar gargajiya baya. Bayan ya yi hatsarin babur a 1966 sai ya ja jiki ya yi shiru. Da ya koma ɗakin ɗaukar sauti a birnin Nashville, a zama uku kacal ya gama waƙoƙi 12, galibinsu daga shi sai jitarsa ta katako da harmonika (ɗan abin busa na baki), ga Charlie McCoy a kan jitar bes, Kenneth Buttrey a kan ganga. A shekarar da manyan mawaƙa ke ta cika faifansu da kayan kiɗa, shi rage su ya yi.

Abin da ke burge ni, kana jin kowace kalma tsaf, har numfashin da yake ja kafin ya busa harmonikar. Duk wanda ya saurari Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa zai gane abin da nake nufi. A cikin faifan ne ma aka sami All Along the Watchtower, wadda mawaƙi Jimi Hendrix ya sake rerawa a 1968.

Don Allah ku yi mana cikakken sharhi a kansa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya