Sanarwa ga masu shirin haɗa injin CNC a gida

Assalamu alaikum, ƴan uwa na wannan rukuni mazauna Jidda. Duk wanda zai fara haɗa injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, ya tsayar da abin da zai riƙa sassaƙawa kafin ya kashe ko riyal ɗaya, domin shi ke nuna girman motar lantarki mai motsa injin da ta dace: mai girman NEMA 17 ta isa ƙaramin aikin katako da roba, amma alminiyam yana buƙatar NEMA 23, wadda ta fi ta girma, da firam mai ƙarfi wanda ba ya rawa. Allon Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki mai aiki kamar ƙwaƙwalwar injin) mai manhajar GRBL da ke ba motocin umarni ya wadatar da mai koyo. A lura cewa wutar lantarkin Saudiyya 60Hz ce (wato tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa), don haka a duba takardar kowane kaya a ga ko ya dace da ita kafin a yi oda. Kuma da irin zafin garin nan, ina ganin fanka a kan direbobin mota (ƙananan na'urorin da ke ba motocin injin wuta) dole ce.