Maganar fuskar Auta da man haɗi

Salamu alaikum ƙawalli,

Shiru shiru kamar an aiki bawa garinsu, tunda oga ya kwashe ki zuwa Fatakwal shikenan kin manta da 'yan Ƙofar Na'isa ko? To ni dai yau dole na rubuto, maganar ta fi ƙarfin waya.

Kinsan bikin Auta bayan babbar sallah ne. Wata mai gyaran jiki ta haɗa mata man nan na ƙara haske, ta yi watanni tana shafawa, da farko fuska tayi fes kowa na yabawa, can sai ga ƙananan ƙuraje sun feso a kumatu da gefen hanci da haɓa, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi in ta shiga rana, har gashin idonta yake tara wani ɓawo da safe. Kowa yace fimful ne, aka yi ta sabulun salo da kurkur, abu sai gaba yake, yarinyar nan har kuka take a ɗaki wallahi tausayinta ya hana ni barci.

Da muka je wajen likitan fata sai ya ɗan kankari wajen ya duba a na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa, yace ƙwari ne suka yi yawa. Sunansu Demodex, ƙafa takwas, tsawonsu bai kai rabin milimita ba, suna zaune a ramin gashi suna cin maiƙon fata, da daddare suke fitowa su yi yawo a fuska. Dangin ƙwaron ƙazuwa ne amma ba shi bane. Tun 1842 wani likita a Jamus, Gustav Simon, ya gano su yana binciken ƙurajen fuska. Likitan Auta yace kusan duk babban mutum yana da su kuma ba ƙazanta bace, to ki daina yatsina fuska Hajiya 'yar gayu, ke ma suna nan a taki!

Abin da ya tayar min da hankali shine dalilin yawansu. Irin mayukan nan sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, shi kuma yana raunana garkuwar fata ne, sai ƙwarin su samu sake su hayayyafa. Yace fimful na gaskiya toshewar ramin gashi ne da maiƙo da ƙwayar bakteriya, shi yasa ake ganin baƙin kai, wato ɗan baƙin ɗigon nan a bakin ramin gashi, na Auta kuwa babu baƙin kai sai ƙaiƙayi, kuma a baƙar fata jan baya fitowa sosai balle a gane da wuri. Ya rubuta mata ivermectin na shafawa, ya ja kunnenta cewa in an bar man ƙara hasken, fuskar kan ƙara rikicewa kafin ta lafa, kar ta tsorata ta koma masa. Haka kuwa akayi, yanzu alhamdulillahi ta fara washewa.

Af, ankon ya fito, atamfa ce ruwan zuma muka ɗauko a Kantin Kwari, Umma ta ajiye miki naki ko baki tambaya ba. Yaya Babba kuma ya ƙara aure, wannan labarin sai kin zo don da tsawo.

Yauwa, man nan da na gani a jakarki ranar suna, wanda kika ce na santsin fata ne kawai. Dan Allah ki ɗau hoton jikin robar ki turo min a WhatsApp, in akwai clobetasol ko betamethasone a rubuce, waɗanda duk sitiroyid ne, kar ki ƙara sa shi a fuska sai kin ga likita, in kuma ba rubutu ko ɗaya a jiki to shine ma ya fi bani tsoro. Ina jira fa, yau ba gobe ba.

Ki gaida oga da yaran, kice wa ƙaramar Antinta ta Kano na nan da alkakinta.

Taki har kullum,
Ƙawarki ta layin masallaci